Yadda na sayi leza ruwan ɗorawa a hannun wanda ban taɓa gani ba

Ina da wani akwatin katako mai gurbi takwas, irin na ajiye alƙaluma, wanda na tsinta a gwanjon Sawarik da ke kudancin Jidda. Gurbi shida sun samu masu su, wato alƙaluman leza masu launi daban-daban, kuma ƙarƙashin kowanne na manna 'yar takarda da lamba: 405, 450, 488, 520, 532, sai 650 a can ƙarshe. Tsakanin 532 da 650 akwai gurbi biyu da suka shekara uku babu kowa. Uwargida tana ce masa akwatin tocila, ni kuma na gaji da gyara mata.

Sana'a ce ta jefa ni cikin wannan sha'awa. Aikina jan wayar fayiba ne, wadda ke kai intanet gidaje da ofisoshi, kuma duk mai wannan aiki yana yawo da wani alƙalami mai fitar da jan haske. In layi ya mutu sai ka cusa hasken a bakin wayar ka bi ta, duk inda ta karye ko ta lanƙwashe fiye da kima za ka ga ja yana tsiyaya ta jikin roba. Wannan jan shi ne 650. Hasken da ke ɗauke da saƙon kansa, 1310 da 1490 da 1550, ido ba ya ganinsa sam. Ranar da na tsaya na tambayi kaina me lambobin nan suke nufi, ranar na jawo wa aljihuna wahala.

Wanda ya tashi yana murɗa rediyo yana neman Sashen Hausa a gajeren zango, mita 25 ko mita 31, ya riga ya san rabin maganar. Haske ma zango gare shi, sai dai ƙanƙantarsa ta sa ake auna shi da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Idon mutum yana kamawa daga wajen 400 zuwa 700. Tocila da fitilar ɗaki tarkacen zanguna suke zubowa a cakuɗe, leza kuwa tasha ɗaya take kamawa ta tsaya a kai. To tashoshin nan muke tarawa. Ƙona ashana da fasa balan-balan wasan yara ne, kuma shi ke kai su asibiti.

Wasu tashoshin kusan a banza ake samunsu, domin masana'antu sun buƙace su da yawa. Ja 650 na'urar DVD ce ta yawaita shi. Shunayya 405 ta faifan Blu-ray ce. A ido kamar ba ta da ƙarfi, amma haska ta a kan farar jallabiyar da aka wanke da omo ka ga ƙyallen ya ɗauki shuɗi kamar an kunna shi. Shuɗi 445 zuwa 450 ya cika kasuwa daga 2010, lokacin da Casio ya fitar da majigi mai ɗauke da dayod masu yawa a cikinsa, wato 'yan ƙwayoyin lantarki da ke fitar da hasken leza, mutane suka riƙa sayen majigin suna farke shi suna ciro su. Ruwan ɗorawa kuwa babu dayod ɗin kasuwa da ke ba da shi kai tsaye. Sinadaran da ake yin shuɗi da kore da su suna gajiya a wajen 530, na ja kuma ba sa gangarowa ƙasa da wajen 630. Ramin da ke tsakani sai da dabara ake cike shi. Kore 532 ma da dabarar ake yin sa: dayod mai 808 yana zuga wani ɗan dutse mai sinadarin niyodimiyom, dutsen ya ba da 1064, sai dutse na biyu ya raba zangon gida biyu daidai, 532 ya fito. A ruwan ɗorawa aikin ya fi haka wuya, sai an tilasta wa dutsen farko ya ba da zango biyu a lokaci guda, 1064 da 1319, sannan a haɗa su su haifi 589. In dutsen wani iri ne daban, mai ba da 1064 da 1342, abin da zai fito 593.5 ne.

Ni 589 nake so, saboda launin gishiri ne. Barbaɗa gishiri a wutar gas ka ga harshen ya koma ɗorawa, to shi ne, hasken sinadarin sodiyom. Masu binciken sararin samaniya a Paranal ta ƙasar Chile suna harba leza huɗu masu wannan zango, kowacce wat 22, zuwa wani shimfiɗin sodiyom da ke sama wajen kilomita 90, su ƙirƙiri tauraron ƙarya da suke daidaita madubin hangensu da shi. Ɗan autansu nake nema, wanda zai shiga gurbin alƙalami.

Talla ta farko da na ci karo da ita ta wani shagon intanet ce mai hotuna tsaf-tsaf. Ruwan ɗorawa a kan riyal 240, an rubuta mata ƙarfin miliwat 50,000. Wat 50 ke nan, a cikin abin da batir 18650 guda ɗaya ke tuƙawa, wato ta ninka ta Paranal sau biyu har da ɗoriya. Araha ba ta ado, na sani, amma kwaɗayi ya sa na yi masa magana.

Da takarda na fara. A Saudiyya shago na gaskiya yana da lambar rajista, sijil tijari, wadda kowa zai iya dubawa a shafin Ma'aikatar Kasuwanci, in kuma yana karɓar harajin kashi 15 to rasitinsa zai zo da lambar haraji da tambarin QR. Na roƙi lambar, ya aiko bayan kwana biyu. Na duba, rajistar tana nan da ranta, sai dai ta shagon labule ce a wani gari daban, asusun da ya ce in tura kuɗi kuma sunan wani mutum na uku ne a kai. A nan ya kamata in tsaya. Amma ina so in ga abin da yake sayarwa, sai na ce masa, ya akhi, ka samu tsohon faifan CD, ka haska lezar a gefensa mai sheƙi a ɗaki mai duhu, ka ɗauko mini bangon a bidiyo, da takarda a gefe mai kwanan watan yau da rubutun hannunka.

Fuskar CD layuka ne sirara, 625 a kowace milimita, kuma kowane zango da irin karkatar da yake yi in ya bugi layukan. Faifan yana tsefe haske kamar yadda matsefi ke warware kitso. Bawan Allah bai san abin da nake nema ba, ya aiko da bidiyon yana alfahari. A tsakiya ɗigo ruwan ɗorawa, kyakkyawa ƙwarai. A gefe kuwa ɗigo biyu a jere, kore a kusa, ja a nesa. Kitso ne aka yi na leza biyu masu araha, aka ɗora haskensu a hanya ɗaya. Ido in ya ga ja da kore a wuri ɗaya ɗorawa yake karantawa, kamar dai yadda fuskar waya ke yi mana kullum. Na yi masa bayani cikin mutunci, ya amsa da toshe lambata.

Ƙaryar da aka kumbura, irin ta miliwat 50,000, dariya take ba ni. Wadda ke ba ni tsoro ita ce wadda aka rage. Koren nan da ake kira 303, mai ɗan makulli a gindi, wanda ake sayar wa yara a gefen titi, nawa an rubuta masa ƙasa da miliwat 5, amma da na auna ya haura 60, kuma kaso mai tsoka na abin da ke fita 808 ne da 1064, waɗanda ido ba ya gani balle ya ƙifta. An tsimi kuɗin ɗan gilashin da ke tare su. Ma'aunin duniya ya kasa leza aji-aji: aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba, wanda ƙiftawar ido ke isar mutum kariya, 3R ya tsaya a 5, 3B ya kai 500, abin da ya wuce nan aji na 4 ne. A 2013 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada irin waɗannan alƙaluma 122, ta samu kusan kashi 90 na koraye da kashi 44 na jajaye sun saɓa ƙa'ida. Ba sai an je Amurka ba ma. Likitocin asibitin ido na Sarki Khalid da ke Riyad sun wallafa labarin samari 14, 'yan shekara 11 zuwa 30, da shuɗiyar leza mai ƙarfi ta lalata musu tsakiyar gani tsakanin 2012 da 2013, wasunsu sai da tiyata. Tun da na karanta wannan, akwatina yana saman durowa, batura kuma a wani wuri daban.

Wata biyar bayan mai labule, na ga talla ta biyu a manhajar saye da sayarwa. Hoto ɗaya, mara kyau, a kan dardumar ɗaki. Rubutu layi biyu: 589, miliwat 20, an yi amfani da ita, riyal 1,500, Khobar. Mutum ne shi kaɗai, babu shago, babu rajista. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye kwana 15 ya mayar da kaya muddin bai yi amfani da su ba, amma ban ɗora raina a kanta ba: leza sai ka kunna ta za ka san ko ita ce, kuma wanda ba shi da shago a ina za ka kama shi? Abin da na iya dubawa kawai tarihinsa ne. Asusun ya daɗe, kuma abubuwan da ya sayar a baya duk 'yan gida ɗaya ne, gilashin kyamara, madubin hangen taurari, ƙafar ɗora shi. Wanda jiya yake sayar da taya yau turare gobe leza, wannan dillali ne da bai san kayansa ba. Shi wannan ya yi kama da mai sha'awa da ke rage kaya.

A ƙarshen makon na je Makka gaida kawuna a Shara Mansur. Ya yi fataucin goro a ƙuruciya kafin ya zauna a nan, kuma har yanzu in ya kalli ɗan kasuwa sau ɗaya ya gama karanta shi. Na ba shi labari muna shan shayi.

"Riyal dubu da ɗari biyar a kan tocila," in ji shi. "Ni da rago zan saya. Amma tunda ka nace, ɗana, baƙon ɗan kasuwa ba a fara tambayarsa abin da ba ka sani ba. Tambaye shi abin da ka sani, ka ji yadda zai amsa. Sannan ka ce ya faɗa maka aibin kayansa. In ya ce babu, kaɗe rigarka."

"To Kawu, in ya ce bai sani ba fa?"

"Wannan ai ya fara gaskiya."

Haka na yi. Na rubuta wa mai tallar Khobar cewa wane kamfani ne ya yi dayod ɗin da ke ba da 589 ɗin, tarko ne, domin na san babu. Mai neman kuɗina kawai zai jefo mini sunan wani kamfanin Japan ya wuce. Shi kuwa ya ce, ya akhi, wannan ba ta dayod kai tsaye ba ce, ta dutse ce, irin tsarin kore 532. Na tambayi aibinta. Ya jero ba tare da na matsa ba: ba ta son sanyin na'urar sanyaya ɗaki, hasken yana rawa kafin ya zauna, bayan rabin minti sai an ba ta hutu, kuma murfin batir ya ƙuje. Na ce akwai gilashin tare hasken ɓoye a ciki? Ya ce bai taɓa buɗe ta ba, ba zai ce e ko a'a ba. Na ce ka taɓa auna zangon? Ya ce a'a, haka wanda ya sayar masa daga waje ya gaya masa, haka kuma aka rubuta a jiki. Bidiyon CD ya iso cikin awa ɗaya, da kwanan wata da rubutun hannu. Ɗigo ɗaya a tsakiya, ɗigo ɗaya a gefe, duka launi ɗaya.

Saura kuɗi. Tsakanin Jidda da Khobar ya fi kilomita dubu, kuma ba a cinikin biri a sama. Ya nemi kafin alƙalami, na ƙi, bai yi fushi ba. Ina da aboki ɗan Gusau da ke jan tirela tsakanin Jidda da Dammam, maƙwabciyar Khobar, sai na roƙe shi ya zama idona. Muka daidaita a riyal 1,300, na kuma sa mai kayan ya rubuta mini a WhatsApp cewa in na auna ba 589 ba ce, ko ya karɓi kayansa ko ya rage kuɗi. Abokina kuwa sai da na yi masa huɗuba: kada ya leƙa bakinta, kada ya haska sama ko titi ko gilashin mota, bango kawai. Suka haɗu a wani shagon gahawa bayan la'asar, ya kira ni a bidiyo.

"Mutumina, wannan ai siginar mashin ce," in ji shi. "Ka tabbata in ba da izini ka tura?"

Na ce ya duba sunan da ke katin shaidar mutumin ko ya yi daidai da na asusun. Ya yi daidai. Na tura suna zaune, na kuma roƙe shi kada ya bar ta a gaban mota rana ta dafa ta, domin duwatsun nan da gam aka riƙe su a saiti, zafin tirela a hanyar Riyad kuwa ya ishe su.

Kwana huɗun da na yi ina jira, tabarau na nema. Wanda nake da shi mai ruwan lemo ne, yana tare 190 zuwa 540, wato shunayya da shuɗi da kore. Ruwan ɗorawa ratsa shi zai yi kamar taga. Mutane da yawa suna zaton tabarau ɗaya ya isa duk launi, kuma wanda ya sa tabarau mara dacewa ya fi wanda bai sa ba shiga haɗari, domin ya saki jiki. Na sayi mai shuɗin gilashi da aka buga zangonsa a jiki.

Ta iso ranar Alhamis. Na bari sai bayan isha yara sun yi barci, na kulle ƙofa, na rufe madubi da zane, na cire agogo da zobe. Waje kuwa ban ko yi tunaninsa ba, jiragen da ke sauka filin Sarki Abdul'aziz ta saman unguwarmu suke bi. Na danna. Wani ɗigo ya fito kamar na garwashin da ke mutuwa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, an yi ciniki da ni. Sai na tuna maganarsa, na kalli na'urar sanyaya ɗaki tana kan 18. Na kashe ta, na sa lezar a hammata minti biyar kamar mai auna zazzaɓi, na sake dannawa. Ta yi rawa, ta yi rawa, ta zauna. Na ɗaga tabarau kaɗan na kalli bangon daga nesa. Kyamarar waya ba ta iya ɗaukar wannan launi, ko ta mai da shi fari ko ta ja shi zuwa kore. A ido kuwa kamar zinariyar da aka narka aka ɗiga a bango.

Ma'aunin ƙarfi na wurin aiki ba ya amfani a nan, domin an saita shi ne a kan zangunan fayiba. Ina da wani ƙarami da ke auna zafin da haske ke sauke masa. Ya nuna tsakanin 9 da 14, yana hawa yana sauka, bai taɓa kai 20 ba. Wannan bai dame ni ba, ba ƙarfi na saya ba. Na sa gilashin tare hasken ɓoye a gaba, lambar ta ragu kaɗan kawai, alamar akwai nata a ciki. Alhamdu lillahi.

Sai babban awo. Ina da ɗan filastik mai layuka 1,000 a kowace milimita, ɗan'uwan CD ne amma ratsa shi haske yake yi. Ana kafa shi nesa da bango, a haska ta cikinsa, a auna tazarar da ke tsakanin ɗigon tsakiya da na gefe. Irin filastik ɗin nan mai araha ba a yarda da shi haka nan, tef ɗin awo ma yana da nasa ha'incin, saboda haka sai an fara da zangon da aka tabbatar. Na dayod ba sa yi, suna gocewa da 'yan nanomita gwargwadon zafi, amma 532 dutse ne ya yanke shi, ba ya motsi. A nisan mita 2, lissafi ya ce ɗigonsa zai faɗa a santimita 125.7. Na manna tef ɗin fenti a bango, na yi ta gyara tebur har koren ya zauna daidai nan. Daga nan ban sake taɓa komai ba. In 589 ce, ɗigon zai faɗa a 145.8. In 593.5 ce, a 147.5.

Na ɗaure ta a maƙali, na danna, na yi alama da fensir. Na auna dama, na auna hagu, na huta mata, na sake, har sau uku. 147.4, 147.6, 147.5.

Na zauna a ƙasa ina kallon alamomin fensir guda biyu, ta 145.8 da ta 147.5, tazararsu ba ta kai faɗin babban yatsana ba. Uwargida ta ƙwanƙwasa, na kashe na buɗe.

"Baban yara, ƙarfe ɗaya fa ta wuce. Ba ta yi ba ne?"

Na nuna mata bangon. Ta duba, ta dube ni.

"Yanzu a kan wannan 'yar tazarar ka ƙi kwanciya?"

Da safe na tura masa hotunan bango da tef da lissafin, ba tare da zargi ba, domin tun farko ya ce bai auna ba. Ya karanta, bai amsa ba. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Na riga na fara shirya yadda zan gaya wa Kawu cewa karatunsa ya ci tura. Ranar Lahadi da dare sai ga saƙon murya mai tsawo. Ashe ya je ya maimaita lissafin da kansa, ya kuma tono tsohuwar hirarsa da wanda ya sayar masa, ya ga shi ma cewa kawai aka yi masa ruwan ɗorawa ce, takardar jiki kuwa wani ne ya manna. Shekara shida yana nuna wa abokansa launin gishiri, ashe ba shi ba ne, kuma muryarsa ta nuna abin ya fi ƙona masa rai fiye da ni. Ya ce in zaɓa: in mayar ya biya kuɗin aike, ko ya dawo mini da riyal 300.

Na kwana ina juyawa. Ita ma 593.5 ba a tsintarta a gefen titi, kuma gurbi biyu ne babu kowa. Na karɓi 300 ɗin, suka shigo kafin azahar. Na ɓare takardar jikinta, na rubuta sabuwa, na sa ta a gurbin da ke maƙwabtaka da 650. Na kusa da 532 yana nan yana jira, ko 589 ta gaskiya, ko 561, mai launi tsakanin kore da ɗorawa, in ita ta riga zuwa. Na Khobar ya ce in na samu in gaya masa, yana so ya ga awon.

Da na koma Makka na tafi da ita a aljihu. Na ja labulen ɗakin Kawu, na zaunar da shi a bayana, na ɗumama ta a tafin hannu, na haska ƙasan bango nesa da shi. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ce ɗorawar?"

"Ita ce, Kawu."

"Wa ya ce maka? Ɗorawa ta fi haka haske. Wannan ta fara ɗaukar ruwan goro."

Ya miƙo hannu zai karɓa ya duba bakinta, na riga shi zare batir.